Lokon da Ya Faɗi a Kurmin Kakanni

Gyamfua ta dawo garinmu da motar siminti, ni kuwa da na ganta tana nuna wa masu sauke kaya inda za su jera buhuna sai raina ya ɓaci tun kafin mu gaisa. 'Yar kawuna ce, Kawu Nkansa, wanda ya raine ni ya koya mini sassaƙa, ya kuma rasu a damina waccan. Aikin asibiti take yi a Takoradi, ta zo ne saboda bikin cikar shekara da rasuwarsa. Tare muka tashi a gida ɗaya, muna cin sakwara a akushi ɗaya muna faɗa a kan ƙashin miya.

"Kafinta," ta ce, "ka tsaya kana kallona kamar na zo da kayan sata. Ba ka iya sannu da zuwa ba?"

"Sannu da zuwa, matata. Gidan sama za ki gina mini?"

"Allah ya kiyaye. In auri mai warin katako? Wurin tunawa da Baba ne. A bakin kurmi zan gina, da tayil da hotonsa da sunansa."

Na ce mata ta je ta gaya wa Nana Sarpomaa da bakinta, ni ba zan ɗauki wannan saƙon ba.

Nana yayar Kawu ce, kuma yayar mahaifiyata. Ita ce babbar mace a danginmu, kurmin da muke binne mutanenmu a hannunta yake. Mu dangi ta wajen uwa muke bi. Kawu namu ne, nawa ne ni ɗan 'yar'uwarsa, gonar kokonsa da gizagonsa ni na gada, in na mutu kusa da shi za a sa ni. Gyamfua kuwa ta dangin uwarta ce. 'Ya'yan mamaci suke sayen akwatin gawa, su raka ta har bakin kurmi inda aka jera duwatsu, su miƙa wa dangi, su tsaya nan. Ƙafar wanda ba na dangi ba ba ta taka ƙasar kurmi. Haka Gyamfua ta yi bara. Ta sayi akwati mafi kyau da na taɓa gani, ta tsaya a bayan duwatsun tana kallo har ganye ya rufe mu.

Mun sami Nana a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta saurari zancen siminti har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba.

"Abin da ba ya ruɓewa ba ya kusantar kurmi," ta ce. "Ubanki ma yana can yana ruɓewa, siminti ya fi shi daraja ne?"

"To Gwaggo, a nuna mini inda yake. Shi ke nan abin da nake so. Shekara guda ina mafarkinsa, kullum a bayan ganye."

"Kin san hanya. Ba mai gadi, ba ƙofa. Ba wanda zai riƙe ki."

Gyamfua ta san abin da Nana take nufi, ni ma na sani. Kawu Nkansa da kansa ya tsaya a bayan duwatsun wani kurmi ranar da aka binne nasa uban, kuma har ya mutu bai taɓa ƙetarawa ba. In ta shiga da ƙarfin hali, kunyarta za ta fara kama shi kafin ta kama kowa. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta.

"Bayan biki zan koma," ta ce. "In ban ga inda ubana yake ba, ba abin da zai sake kawo ni garin nan. Ba fushi nake ba, Gwaggo. Ba zan iya sake tsayawa a bayan duwatsun nan ba ne."

Da ta fita Nana ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Kai da aka koya wa aikin itace, ka zauna ka buɗe baki. Yi mata wani abu na katako mana, wanda ni zan yarda ita ma ta yarda."

Sauƙin faɗa ke nan. Na koma rumfata na yi ta zane a bayan katako da gawayi. Na zana ɗan ɗaki mai benci a bakin kurmi, Gyamfua ta ce ai wannan tashar mota ce. Na zana dogon ginshiƙi mai sassaƙen fuskar Kawu, Nana ta ce ba a tsayar da fuskar mutum ɗaya a gaban mutum ɗari. Na zana hasumiya da za a hau a leƙa, sai na tuna ko biri ya hau can ba abin da zai gani sai ganye. Har sai da na yi wurgi da gawayin na ce su biyun su je su ƙarata, tsohuwa mai taurin kai da 'yar birni mai taurin kai, jini ɗaya ne ko da dangi ya raba su.

Da safe na ɗauki adda na tafi kurmin, don in huce ne kawai. Rabona da shi tun ranar binne Kawu.

Gonakin koko sun kewaye shi ta ko'ina yanzu, rana tana dukan mutum har bakin duwatsu. Na cire takalmi na ƙetara. Da ka shiga sai sanyi ya kama ka ta tafin ƙafa. Hasken wurin kore ne, ƙasa kuma laushi gare ta saboda ganyen da ya yi ta zuba tun kafin a kafa garin. Gatari bai taɓa cin itace mai rai a nan ba. Akwai bishiyoyin da mutum goma ba za su kewaye da hannu ba, in ka ɗaga kai neman ƙarshensu sai jiri ya ɗebe ka. Ba dutse ko suna a kan kabari, sai sandar aduruku da ake kafawa a wajen kai, ta yi saiwa ta zama bishiya. Tun ina yaro nake shiga wurin nan, har yau in na shiga muryata raguwa take da kanta.

Na ji labarin cewa iskar ƙarshen damina ta kayar da babban itacen loko na tsakiyar kurmi, amma ji daban ne. Da na iso wurin sai na tsaya. Inda yake tsaye a da, sama ta buɗe, rana tana zubowa ta ramin, malam-buɗe-littafi sun cika hasken. Saiwarsa ta tashi tsaye da ƙasarta, ta fi gidan Nana tsawo. Gangar jikin kuwa tana kwance a sama da kaina, ba ta taɓa ƙasa ba, saiwa ta riƙe ta ta nan, manyan rassa sun tokare ta ta can. Ta wuce ta saman layin kaburburan baya-bayan nan ba ta danne ko ɗaya ba. Adurukun Kawu yana nan a ƙarƙashinta, ya karkata yana neman haske, da sabon ganye a kansa. Na zauna a ƙasa, tsoro da daɗi suka haɗu mini, na rasa wanda ya fi.

Can na tashi na bi gangar ina tafiya a gefenta don in ga inda ta ƙare. Na yi ta tafiya, ina sunkuyawa ƙarƙashin rassa, ina ture igiyoyin kurmi. Sai kawai na ji rana a ƙeyata. Na duba ƙafata, ga duwatsun iyaka a bayana. Kan lokon ya faɗa waje, cikin ciyawar gefen gonar koko. Na kama reshe na hau, na juya na dubi inda na fito. Ga hanya nan a miƙe, mai faɗin da mutum biyu za su jera, ta tashi daga waje ta shige cikin duhun kurmi a sama da ƙasa.

Ban koma neman takalmina ba. Haka na isa gidan Nana.

"Ƙafar baƙo ba ta taka ƙasar kurmi," na ce mata. "In ba ƙasa ta taka ba fa?"

Na yi mata bayani. Ta dube ni kamar na sha bammi da sassafe. "Wayo za ka yi wa matattu, Adomako? Sun riga ka zuwa duniya."

"Ba wayo ba ne, Nana. Zo ki gani."

Sai da ta ja mini rai har washegari. Ta ɗaura baƙin zani, ta sa ƙwai ɗaya da kwalbar giya a ƙwarya, muka tafi tana dogara sanda tana zagin gwiwoyinta. Muka shiga. Ta kewaya saiwar, ta tsaya ƙarƙashin gangar ta ɗaga kai, ta dafa adurukun ƙaninta. Sannan ta bi itacen har waje kamar yadda na yi, ta tsaya a kan duwatsu tana haki.

"Kakata ta ce kakarta a tsaye ta same shi," ta ce a hankali. "Yana da gabas, yana da yamma, yana da rafi a bayansa. Ya rasa inda zai kwanta sai ta wajen da 'ya'ya suke tsayawa."

Ta tsiyaya giya a ƙasa, ta kira sunayen da ni ban ma san wasunsu ba, ta gaya musu abin da muke so mu yi, ta ce in ba su yarda ba su nuna. Ta fasa ƙwan a jikin lokon ta roƙe shi gafarar gizagon da zai hau shi. Muka jira. Iska ta ɗan motsa can sama, wata cilakowa ta yi kuka ta tashi, shi ke nan. Nana ta ce mu ba su mako guda, in ba wanda ya yi mugun mafarki ko ya sare ƙafa a gona, in fara.

Ta kafa mini sharuɗɗa tana lissafawa da sandarta. Ba inji. Ba ƙusa ko ɗaya. Ba a sare abu mai rai. Ɓarɓashin itace ma ba zai fita daga kurmi ba. Ranar Alhamis ƙasa tana hutawa, mu ma mu huta. Da na ce zan yi rumfa mai rufin tukurwa a can ƙarshe, ta ce a'a.

"Shekara nawa suna cikin inuwa, yanzu an buɗe musu sama kai kuma za ka rufe? Wanda ya zo ganin ubansa ruwa ya doke shi."

Na ji haushi, don rufin shi ne abin da na fi so a zanen. Amma da na sake tsayawa a wurin na ga yadda hasken yake sauka, sai na goge shi ba tare da na gaya mata ta fi ni gaskiya ba.

Mako ya wuce lafiya. Na tara mazan dangi masu ƙarfi muka fara. Loko ba ya son gaggawa. Muka ɓare ɓawon sama, muka sassaƙe farin itacen da gara take so, har muka kai jan cikin, wanda gizago yake tsalle in ya same shi. Na bar tsakiyar hanyar da ɗan tudu don ruwa ya gangara gefe, na tsaga ƙananan layuka don kada santsi ya ɗebi tsofaffi. Daga rassansa muka tsaga abin dafawa, muka huda, muka haɗa da turakun itace, kowane gunta an yi shi yadda in ya lalace za a zare shi a sa wani ba tare da an taɓa na kusa ba. Kan da ke waje muka ɗora a kan duwatsun rafi don kada ya sha danshi. A tsakiya, inda gangar ta fi nisa ba tokari, muka kafa ɗanyun sandunan aduruku da aka rage daga shingen gidajenmu, biyu-biyu, don su yi saiwa su girma su tallafe ta. A jikin saiwar kuma, can sama, muka yi ɗan dandali mai benci, yana kallon kaburbura.

Akwai ranar da nake sassaƙa ni kaɗai a sama, na kai wani wuri da aka yanke reshe, na tsaya ina kallon zoben shekarunsa. Na fara ƙirgawa na bari. Reshe ne kawai, amma ya girmi duk wanda na taɓa sani. Na ji kaina ƙarami ƙwarai, da ɗan gizagona.

Gyamfua kullum tana zuwa bakin duwatsu da ayaba dafaffiya da miyar ganye, ta zauna a kan buhun simintinta guda da ta sa aka kawo mata don zama. Na hana ta hawa sai an gama, Nana kuma ta hana ta sai ranar biki.

"Shekara nawa zai yi kafin ya ruɓe?" ta tambaye ni.

"Zai binne ni, ya binne ki. Jikokinki ne za su ga ƙarshensa."

"Daga nan fa?"

"Ya zama ƙasa. Adurukun nan kuma sun zama bishiyoyi, masu rai a lokacin su ɗora wata hanyar a kansu in suna so."

"In ba sa so fa?"

"To ba sa so. Ke dai ci abincinki."

"Naka ne, sarkin baƙin rai. Sunan Baba fa, ina za ka rubuta?"

Na ce ba a rubutawa, Nana ce take nunawa. Ta juya kai ta dubi gonar koko. Na tausaya mata ƙwarai, amma wannan ba a hannuna yake ba.

Ranar biki gari ya cika. Aka yi kiɗa, aka ci aka sha, sannan da rana ta ɗan karkata dangi suka nufi kurmi cikin baƙaƙe da jajayen zannuwa. Muka cire takalma muka shiga ta ƙasa, muka tsaya a wajen kaburbura. 'Ya'ya da matan aure da sauran jama'a suka tsaya a bayan duwatsu kamar kullum. Nana ta zuba giya ta yi kiran sunaye, sannan ta ɗaga murya yadda ban san tana da ita ba.

"Gyamfua, 'yar Nkansa. Taho."

Daga inda muke ba a ganin bakin hanyar. Muka ɗaga kai muna jira. Sai ga ta ta ɓullo daga cikin ganye, can sama, ba takalmi, hannu ɗaya a kan abin dafawa. A hankali take tafiya. Ta kan tsaya ta dubi bishiyoyin da suka wuce ta suka yi sama, ta dubi ƙasa, bakinta a buɗe. An haife ta a garin nan, ta yi wasa a bakin kurmin nan, ba ta taɓa sanin abin da ke cikinsa ba. Da ta shigo inda rana take zubowa sai malam-buɗe-littafin suka tashi gaba ɗaya suka kewaye ta.

Ta iso dandalin ta durƙusa ta leƙo. Nana ta taka zuwa adurukun da ya karkata, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasa.

"Ga shi nan. Kansa nan, ƙafarsa can. Wannan ta damansa uwarmu ce."

Gyamfua ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi kururuwa, har na shirya zuciyata. Sai ta kwanta rub da ciki a kan katakon, ta zuro hannu ta tsakanin sanduna iyakar tsawonsa. Bai kai ko ganyen adurukun ba.

"Baba," ta ce, da muryar da take gaishe shi da safe, "ni ce. Ashe wuri mai kyau suka sa ka."

Daga nan ta shiga ba shi labari, na aikinta, na yaranta, na rufin ɗakinta da yake yoyo. Nana ta yi mana alama da sanda mu ja baya mu ba su wuri.

Muna ja da baya ne na ji katako yana amsa wasu ƙafafun. Na ɗaga kai. Opanin Adubofo ne, tsohon da ke gyaran raga a bakin rafi, wanda ya haura tamanin, yana tafe yana laluben abin dafawa. A bayansa wata mata mai goyo, a bayanta wasu 'yan'uwa biyu masu furfura, a bayansu kuma layi har inda ganye ya rufe. Ba wanda ya kira su. Duk 'ya'yan mazan danginmu ne, waɗanda suka miƙa akwati a bakin duwatsu, wasu tun kafin a haife ni. Na dubi Nana, ina tsoron abin da za ta ce. Tsohon ya tsaya a samanta, ya riƙe sandar da hannu biyu.

"Sarpomaa," ya ce, "ina yaro aka shigo da babana. Kina iya tunawa?"

Nana ta share fuska da gefen zaninta. Ta juya ta nufi wata doguwar bishiyar aduruku can gefe, mai kaurin jikin mutum, tana tafe tana dogara sanda.

"Biyo ni ta sama," ta ce masa. "Yana nan."